Bangon masu saƙa: kundin aikina

Litinin, 1 ga Satumba

Yau na auna bangon. Tsawonsa mita 9, tsayinsa mita 3 da santimita 20. Bangon zauren da tsofaffin ma'aikatan masaƙa ke taruwa ne, ɓangaren da ke kallon titi. Masaƙar ta daɗe a rufe, an kwashe injunan, amma mutanen suna nan, kuma su suka haɗa kuɗi suka ce a yi musu abin da jikokinsu za su kalla su san irin aikin da hannun kakanninsu ya yi. Kawuna yana cikinsu. Shekara 26 ya yi a ɗakin saƙa, shi ne ya ambaci sunana a taronsu. Ko alheri ya yi mini ko jefa ni ya yi, za mu gani.

Shirina shi ne zane da fenti, a haɗa da ainihin sassan injin saƙa a ɗaure a jikin bangon, yadda mai wucewa zai iya miƙa hannu ya taɓa. Na raba kuɗin gida huɗu: ƙarfe da walda kashi 35 cikin 100, fenti 30, gyaran bango 20, sauran na ɗauko kaya da abin da ka iya tasowa.

Na bi bangon ina ƙwanƙwasawa da makulli. Kusan sulusin filastar tana amsawa kamar ganga, ta rabu da bulo ke nan. Sai an fasa an sake. Tun ban taɓa buroshi ba, kason gyaran bango ya tafi.

Laraba, 3 ga Satumba

Wajen 'yan gwangwan tun safe. Mun makara da shekaru. Manyan injunan an daɗe da yanka su an kai narkarwa. Abin da ya rage shi ne wanda ya faɗa ƙarƙashin tari: giya mai haƙora guda bakwai, babbar cikinsu faɗinta santimita 80, gefen ƙafar inji ɗaya da ya tsage, sandunan ƙarfe, da buhu guda na kwarkwaro. Sikeli ya nuna kilo 310.

Ina shirin tafiya na hango ƙoshiyoyi, waɗanda ke kai zare su komo da shi a cikin injin saƙa, a zube gefen katanga, kaji na tono a kansu. Guda 14, katako mai nauyi, kowace da bakin ƙarfe mai tsini gaba da baya. Na tambayi kuɗinsu, mai wurin ya ce in kwashe, shi ƙarfe yake aunawa, katako cika masa wuri yake yi. Abin da na fi buƙata a duk filin shi ne wanda bai da daraja a sikelinsa. Ɗaya daga ciki gefenta ya lotsa ya yi sumul daidai inda babban yatsa ke kamawa. Na sa nawa yatsan a wurin, ya zauna daram.

Asabar, 6 ga Satumba

Kwana uku ina zanen gwaji a takarda, hotunan aikin da Diego Rivera, mai zane ɗan Meziko, ya yi a Ditroit ta Amurka a baje gabana. Tsakanin 1932 da 1933 ya zana ɓangarori 27 a bangon gidan adana zane-zane na birnin, Edsel Ford na kamfanin motoci na Ford ya biya, kuma kafin ya fara sai da ya yi watanni yana yawo a masana'antar Ford ta River Rouge yana zana abin da ya gani. A bangon arewa ana haɗa injin mota mai silinda takwas na 1932. Bel-bel na jigilar kaya suna ratsa zanen kamar igiyoyi, su suke ɗaure komai wuri ɗaya, ido ya bi su ya zagaya bangon bai sani ba.

Dabarar na ara. Babbar giyar a tsakiya, bel na fita daga gare ta hagu da dama, ma'aikata a jere gefe biyu, bututun hayaƙi a sama. A gaba na tsayar da masaƙi ɗaya, ƙirji a buɗe, ya ɗaga ƙoshiya sama. Na manna takardar a bango na ja baya na kalla, na ji daɗin kaina ƙwarai.

Talata, 9 ga Satumba

Na kai wa Kawu zanen. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Na ce, "Kawu, yaya kuka gani?" Bai ji ba, na manta ta hagunsa na zauna. Na zagayo na maimaita.

Ya ce, "Injin ya yi kyau. Mu kuma ina muke?"

Na nuna masa mutanen. Ya ɗora yatsa a kan mai ɗaga ƙoshiyar. "Wannan wane ne? Wanda duk ya tsaya haka a ɗakin saƙa, kafin rana ta yi tsaka heluma ya sallame shi. Mu a duƙe muke, yaro. Ka taɓa ganin bayana a miƙe?"

Daga nan ya shiga warware mini zanen zare-zare. Masaƙi ba ya tsayawa gaban inji ɗaya. Shi injuna 12 yake kula da su, yana zagayawa tsakaninsu ba tsayawa, ido a kan zaren tsaye, tafin hannu yana shafar yadi yana neman inda ya yi gurbi. Ƙoshiya ba abin ɗagawa sama ba ce, a cikin inji take tana kai da komo kusan sau 200 a minti, in ta kufce ta yi tsalle tana iya fasa wa mutum ido. Hayaƙin da na cika sama da shi na tukunyar tururi ne, su ba sa ganinsa sai an tashi. Ɗakin kuma da gangan ake cika shi da danshi don kada zare ya bushe ya riƙa tsinkewa, saboda haka riga a manne take da jiki, ba ta kaɗawa yadda na zana.

Sai ya zo kan baki. Na zana kowa baki a rufe. Ya ce ƙarar ɗakin ba ta barin a ji ko da ihu, da leɓe ake magana, a buɗe baki sosai a tauna kalma ba sauti, na can nesa ya karanta. Ya gwada mini, ya faɗi wani abu ba murya, Inna daga bakin ƙofa ta fashe da dariya. Shekara nawa da barin aiki, har yanzu tana karanta shi. Masaƙan Lankasha a Ingila ma haka suka yi, har suna da sunan da suke kiran abin. Ƙarar ɗakin da ke cike da injunan ƙoshiya tana kaiwa desibel 100, kuma ita ta cinye wa Kawu kunnen hagu.

Na dawo da takardata a naɗe. Na yi fushi a hanya, ba zan ɓoye ba. Da dare na sake baje ta na ƙirga: giya da bel da bututu sun ci fiye da rabin fili, mutum 11 na raba wa ragowar, kuma duk fuskarsu ɗaya. Ashe ba nan gizo ke saƙa ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

An gama sabuwar filasta. Magini ya ce a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma har mako guda.

Talata, 16 ga Satumba

Na ajiye Rivera na ɗauko Adolph Menzel, mai zane ɗan Jamus. Zanensa na masana'antar murza ƙarfe, wanda ya yi tsakanin 1872 da 1875 kuma yake Balin yanzu, bai kai mita 3 a faɗi ba, amma sai da ya je masana'antar ƙarfe ta Königshütte da kansa ya cika takardu da zanen fensir fiye da 100 kafin ya taɓa fenti. A tsakiya ana tura jan ƙarfe cikin inji. Ni gefuna nake kallo: a hagu waɗanda suka tashi suna wanke jiki, a kusurwar dama wasu sun raɓe bayan wani faranti suna cin abinci a gurguje. Wanda bai tsaya a wurin har aka yi canjin ma'aikata ba, ba zai san da wannan kusurwar ba.

Ni ba ni da masaƙar da zan je in tsaya, an rufe. Abin da ya rage mini shi ne jikin mutanen. Na sayi zare, na zauna gaban Kawu na ce ya ƙulla mini yadda suke yi idan zare ya tsinke. Kafin in daidaita fensir ya gama. Daƙiƙa biyu, bai ko kalla ba. Ƙullin masaƙa ƙarami ne kuma a kwance, don ya wuce ta idon andira bai maƙale ba, kuma shi ne dai ƙullin da matuƙan jirgin ruwa ke haɗa igiya biyu da shi. Na ce ya yi a hankali. Ya gwada, ya rikice. Sau uku yana rikicewa. Ya ce, "Hannun ne ya sani, ni ban sani ba." Dole na ɗauke shi bidiyo a waya na riƙa tsayarwa.

Zane 22 na hannu kawai. Sabon shiri: hannu biyu suna ƙulli a tsakiyar bangon, tsayinsu ya kusa mita 2. Giyoyin su koma ƙasa.

Asabar, 20 ga Satumba

Ranar asara.

Niyyarmu mu yi firam da ƙarfe mai kusurwa, mu yi waldar giyoyin a jikinsa, sannan a ɗaga gaba ɗaya a kafa. Mai walda ya kalli babbar giyar ya ƙwanƙwasa ya ce, "Mai zane, wannan ƙarfen zubi ne fa." Na ce ƙarfe ai ƙarfe ne, a yi kawai. Ya ɗaga kafaɗa ya kunna inji.

Waldar ta hau, da kumfa-kumfa, don man inji na shekaru ya shige jikin ƙarfen, yana jin wuta yana tafasowa. Muka ajiye ta ta huce. Muna tsaye muna maganar wani abu sai muka ji ƙas, kamar an taka busasshen kara. Tsaga ta tashi daga gefen waldar ta ratsa har cikin haƙora. Da muka juya ta, yanki mai haƙori biyar ya faɗo a hannuna. Giyar da ta yi shekaru tana juyawa dare da rana ba ta karye ba, ni na karya ta cikin minti 20.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ni ne ban saurara ba. Ƙarfen zubi yana ɗauke da kabon tsakanin kashi 2 zuwa 4 cikin 100, ƙarfen firam bai kai rabin kashi ɗaya ba. Na zubi ba ya miƙewa, ba ya lanƙwasa. Inda wuta ta taɓa yana yin tauri kamar gilashi, idan waldar ta zo hucewa ta tsuke sai ta ja shi, shi kuma ya tsage. Mai walda ya ce in ana so a yi da gaske sai an gasa giyar duka tukuna, a yi amfani da sandar nikel, a riƙa yin ɗan taƙi ana bubbugawa da guduma, a ƙarshe a binne ta cikin busasshen yashi ta kwana tana hucewa. Na tambayi tsadar sandar nikel. Fakiti ɗaya ya fi abin da na ware wa walda duka.

Mun yanke: ba za a sake kai wuta jikin ƙarfen zubi ba. Kowace giya tana da rami a cibiya, a nan za mu zura bol mu ɗaure da noti ta baya. Da ma haka take ɗaure a cikin injin. Mai walda bai ce ai ya faɗa mini ba, ya dai miƙo mini yankin da ya karye ya ce in ajiye.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ƙarfe biyun dare na farka kamar an zuba mini yashi a ido. Hawaye, zafi, ko hasken waya ba na iya kallo. Jiya na tsaya kan mai walda ina leƙe ba gilashi, ina cewa ai kallo ɗaya ne. Hasken walda yana ƙona saman ƙwayar ido, kuma ba ya nunawa sai bayan awanni. Likita ya duba, ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce kwana biyu a ɗaki mai duhu, kada in murza. Na sayi gilashin walda nawa na kaina.

Laraba, 24 ga Satumba

Ido ya washe. Na shafa wa bangon fentin mai na shimfiɗa, galan biyu. Na kankare tsatsar giya uku da buroshin waya.

Asabar, 27 ga Satumba

Gwaggo ta aiko a kira ni. Ba gwaggona ta jini ba ce, amma haka kowa ke kiranta a zauren. Ta yi aiki a ɓangaren kaɗi, daga baya ta koma duba yadi. Ta ce, "Ɗan nan, an ce mini a zanenka babu mace ko ɗaya." Gaskiya ne. Ban ma lura ba, wanda ya fi muni.

Ta tara mini mata huɗu. Na tafi da ƙoshiya ɗaya don in nuna musu, ɗayarsu ta karɓa ta juya ta, ta kai ƙaramin ramin gefen bakinta ta yi kamar za ta tsotsa, suka yi dariya. A tsofaffin ƙoshiyoyi haka ake zaro bakin zare, da baki, sau ɗaruruwa a yini, ƙoshiyar da wani ya tsotsa ɗazu kai ma ka tsotsa, da mai da ƙura da rini. Jihar Masacusets ta Amurka ta hana irin wannan ƙoshiya tun 1911 saboda tsoron yaɗa tarin fuka. Ƙoshiyoyina 14, guda uku irin na tsotso ne, sauran masu tsaga ne da zare ke shiga da kansa.

Sai maganar ƙura. Suka ce burɓushin auduga yana sauka a kan gira da gashin ido har mutum ya fito kamar ya yi furfura. Gwaggo ta ce ranar farko bayan hutun mako ita ce mafi wuya, ƙirji ya ɗaure kamar an ɗora dutse, zuwa tsakiyar mako ya saki. Ciwon ƙurar auduga ke nan, likitoci sun san shi da wannan alamar ta ranar Litinin. Tana faɗa tana tsayawa tana jan numfashi.

Zan sa mata uku a hagun hannuwan, ɗaya ta juyo tana magana da leɓe, da fari-fari a girarsu. Kada in manta: Gwaggo ta ce almakashin a rataye yake a wuya da zare, ba a aljihu ba.

Laraba, 1 ga Oktoba

Fentin ya tashi. Duk inda aka yi sabuwar filasta ya yi ƙuraje, in ka danna sai wani ruwa mai santsi ya fito. Na ja da farce, ya biyo ni kamar fatar maciji. A tsohuwar filasta kuwa ya kama lafiya lau.

Kwana 12 kacal na ba ta. Sabon siminti yana da kaifi irin na toka, kuma yana riƙe da ruwa a ciki ko da sama ta bushe. Idan fentin mai ya haɗu da wannan kaifin sai ya koma sabulu, sabulu na gaske, shi ne santsin da na ji. Ƙa'ida a jira kwana 28. Na sani, na karanta, gaggawa ce ta ci ni don ina so in rama kwanakin da ido ya cinye.

Abin haushin, Rivera a kan ɗanyar filasta ya yi nasa. Amma tasa ta farar ƙasa ce ba siminti ba, launinsa kuma gari ne da ruwa, ba mai. Ana shafa masa iya inda zai gama a yini, ya zana kafin ta bushe, launin ya zama jikin bangon. Ni na haɗa abin da ba ya haɗuwa.

Galan biyu sun tafi, da yini biyu na kankara. Kason fenti ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ba zan sake taɓa bangon ba sai 13 ga wata, kuma da fentin ruwa. Magini ya koya mini gwaji: a manna leda a bango da salatif ta kwana, in an ga raɓa a cikinta da safe, da saura.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Taron zaure, na kai sabon zanen. Hannuwan sun samu karɓuwa, matan ma. Rigimar a kan ƙarshen dama ta tashi, inda na zana ƙofar masaƙa a rufe da sarƙa, mutane a tsaye a waje.

Wani dattijo da ya yi heluma ya miƙe ya ce, "Mun ce a karrama mu, ba mu ce a tona mana asiri a bakin titi ba." Ya ce jikansa zai wuce nan kullum, yana so yaron ya ga kakansa yana aiki, ba yana tsaye bakin ƙofa kamar mai bara ba. Wani kuma, wanda har yau yake bin kuɗin sallamarsa, ya ce in aka cire ƙofar to a cire sunansa daga masu karo-karo, don bangon ya zama talla ke nan. Murya ta ɗaga. Rabin zauren ba sa ji sosai, saboda haka kowa ihu yake yi, sai ka rasa wa ke fushi wa ke bayani.

Suka juyo gare ni. Na ba su labari biyu. A ranar 7 ga Maris 1932, makonni kaɗan kafin Rivera ya iso Ditroit, ma'aikatan da aka sallama sun yi tattaki zuwa ƙofar River Rouge, aka buɗe musu wuta, mutum huɗu suka mutu nan take. A ɓangarori 27 ɗin nan babu wannan harbin. Na biyu, a 2011 gwamnan jihar Maine a Amurka ya sa aka cire wani zane mai ɓangarori 11 na tarihin ma'aikata daga ofishin ƙwadago na jihar, wanda Judy Taylor ta yi, a kan cewa ya karkata ga ƙungiyoyin ƙwadago. Akwai yajin aiki a cikinsa. Na ce musu nawa ra'ayin a sa ƙofar, amma bangon nasu ne.

Ina ganin dattijon yana da gaskiyarsa, kuma ban faɗi haka a wurin ba, ya kamata in faɗa. Mai zane yana son ƙofar don tana ba zane nauyi. Shi kuwa shi ya tsaya a bakinta.

Aka ɗaga hannu: 17 a sa, 10 a cire. Gwaggo ce ta kawo sulhu. Ƙofar ta zauna, amma a cire mutanen da ke tsaye a waje. Sarƙa da kwaɗo kawai.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Mun gwada rataya firam ɗin ƙasa. Da giya shida ya kai kilo 190. Muka huda, muka sa ƙusoshin bango masu buɗewa, muka saki a hankali. Biyu na sama suka zaro da garin bulo a jikinsu. Allah ya sa igiya na riƙe. Bulon mai kogo ne, ƙusar ba ta samu abin kamawa ba.

Na tuna mutum-mutumin Mala'ikan Arewa na Antony Gormley a Gateshead ta Ingila, wanda aka kafa a 1998 a kan filin tsohuwar mahaƙar kwal. Tsayinsa mita 20, fikafikansa mita 54, kowa su yake ɗauka a hoto. A ƙarƙashinsa akwai kankare tan 600 da ba wanda ke gani. Ni ko tunanin abin da zai ɗauki nauyin ban yi ba sai da ya kusa faɗo mana a ƙafa.

Gyara: firam ɗin zai tsaya da ƙafafunsa a kan dakalin kankare, bango ya hana shi kifewa kawai, da dogayen bol da za su ratsa bulon su fita ta cikin zaure a ɗaure da faranti. Siminti buhu uku da ba sa cikin lissafi. Kuɗin ko-ta-kwana ya ƙare yau.

Litinin, 13 ga Oktoba

Leda ta kwana a bushe. Na shafa shimfiɗar fentin ruwa. Gobe zan raba bangon gida-gida, rabin mita kowane, in fara ɗora zanen da gawayi.

14 zuwa 22 ga Oktoba

Zane kullum, daga safe har rana ta juyo kan bangon. Matan uku sun fito. An zuba dakali. Ranar 18 iska ta kayar da gwangwanin shuɗi, rabi ya zube. Yara sun fara taruwa, ɗaya ya tambaye ni ko hannun na ɗan dambe ne.

Asabar, 25 ga Oktoba

Ƙoshiyoyin sun ƙi man ƙyalli. Na gwada a guda ɗaya, kwana uku yana danƙo, don katakon ya sha man inji har ya ƙoshi. Na goge da tina na koma kakin zuma, na murza da tsumma. Ya fi kyau nesa ba kusa ba, lotsawar yatsan ta fito sosai. Sai dai kaki ba ya jure rana da ruwa, duk shekara sai an sake. Na gaya wa Kawu, ya ce a bar musu wannan, su da suka yi shekaru suna shafa wa inji mai.

Giyoyin na bar su da launinsu, na shafa jan fenti mai hana tsatsa a baya kawai inda ba a gani. Mai karyayyen haƙorin na sa ta a tsakiya, gurbin yana sama.

Laraba, 29 ga Oktoba

Abin da ban shirya ba. Wani tsoho ya zo ya miƙo mini ƙaramin faifan tagulla mai lamba 0417, ya ce lambarsa ce ta shiga aiki, a rataya a allo da safe a cire da yamma. Ya ce in akwai wuri a sa. Kafin yamma labari ya zagaya, guda 31 suka taru, wasu 'ya'ya ne suka kawo na iyayen da suka rasu.

A Ashington ta Ingila, a 1934, masu haƙar kwal sun shiga ajin koyon kallon zane, malaminsu Robert Lyon ya ga bayani ba ya shiga, ya ce su zana da kansu. Suka yi shekaru suna zana ramin da suke shiga kullum. Ban kai ga miƙa wa kowa buroshi ba, amma faifan nan su ne sashe ɗaya na bangon da ba ni na ƙirƙira ba. Zan ja wayoyi daga yatsun hannuwan zuwa dama a matsayin zaren tsaye, in jera lambobin a kansu. Dole wayar ta zama ta tagulla ita ma, in aka haɗa tagulla da baƙin ƙarfe ruwa ya taɓa, ƙarfen ne zai cinye.

Litinin, 3 ga Nuwamba

An kafa firam, bai motsa ba. Ƙoshiyoyi 13 sun hau, ɗayar Gwaggo ta riƙe. Lambobi sun kai 58.

Da yamma na kawo Kawu, na tsayar da shi tsallaken titi, na tsaya ta damansa. Ya kalli matan ya gyaɗa kai. Ya karanta leɓen mai maganar ya yi murmushi, ya ƙi gaya mini abin da ya gani tana cewa. Sai ya tsallako ya tsaya ƙarƙashin hannuwan, ya ɗaga nasa yana juya yatsu a iska, ya sake, ya sake.

"Wannan ƙullin zai warware," ya ce.

"Ta ina, Kawu?"

"Babban yatsan. Ka ɗora shi a kan zaren, a ƙarƙashin madaukin yake shiga. In ka ja wannan, a hannunka zai zare."

Na buɗe bidiyon a waya muka duba tare. Da kyamarar gaba na ɗauka, hoton a juye yake, na gyara hannun dama a zane na manta na hagu. Yatsan tsawonsa santimita 70, yana tsakiyar bangon, kuma duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin saƙa zai gani daga tsallaken titi.

Fentin launin fata saura kwata gwangwani, ba kuɗin wani. In na kankare yatsan kaɗai da gefen madaukin, ina jin zai isa shafa biyu. Laraba kankara da shimfiɗa. Alhamis Kawu zai zo da zarensa ya zauna a gindin tsani, in zana daga hannunsa kai tsaye. Wayar tagulla ba ta iso ba, an ce Juma'a.